Zobe a Ƙafar Hagu

Gusau, Litinin, 29 ga Satumba, 1958

Zuwa ga ƙanena Hamidu, a Tsafe.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gaida Inna. Ina gaida Baba, ko da yake na san ba kai za ka kai masa gaisuwar ba. Malam Lawali mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ne ke rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Bayan haka, jiya na ga Salisu. Ina zaune ina auna man gyaɗa sai ga shi ya ratso layinmu da kakinsa mai guga, yana ta buga ƙararrawar keke alhali ba wanda ya tare masa hanya. Kekenka, Hamidu, wanda Bature Mai Zobe ya ba ka lokacin da kake shugaban masu ragar tsuntsaye a Bungudu. Har ya tsaya ya ce mini, "Yaya, ina kwana?" Na dube shi tun daga hula har takalmi na ce, "Yayarka tana gidan ubanka." Mata suka yi ta ba ni haƙuri. Ludayin da ke hannuna Allah ne kaɗai ya riƙe shi.

Bari in maimaita maka abin da ya yi, don na lura kai kana son mantawa, ni kuwa ba na so. Mutumin nan mijin ƙanwarmu ne. Kai ka kama hannunsa ka kai shi wurin Bature ka roƙa masa aiki. Bara war haka Bature ya kwanta zazzaɓi aka kawo shi Gusau kwana tara, ya bar maka zobba ɗari biyu ka sa wa tsuntsaye, ka kuwa sa. Da ya warke ya koma, Salisu ya riga ya yage shafin littafin da kuke rubuta lambobin zobba. Ya ce ko raga ba ku kafa ba, wai ka kwashe zobban ka sayar wa matan Fulani a Kekun Waje suna kitso da su. Ya dafa Alƙur'ani a gaban alƙali. Kai kuwa shaidunka duk sun tashi sama. Wata uku ka yi a gidan yari, ka fito Baba ya rantse ba za ka ƙara taka zaurensa ba sai ya ga shaida da idonsa, don a wurinsa Musulmi ba ya dafa Littafi a kan ƙarya. Ita kuma ƙanwar tamu Wasila, sakarya, ta bi bayan mijinta. Duk a kan keke da wandon kaki.

Ranar da na kai maka fura gidan yari ka ce mini tsuntsayen nan suna dawowa kowace kaka. Na ɗauka zafin kurkuku ne ya taɓa maka kai. To ga kaka ta yi, an fara yankan gero a Wanke. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba? In gaskiya ne, ka gaya mini yadda za a kama ɗaya, ko da zanena ne zan kafa.

Ba na barci mai kyau tun bara, kuma ba zan yi ba sai na ga igiya a ƙugun Salisu.

Haza wasalam. Ni ce yayarka,
Ladidi.

*

Tsafe, Juma'a, 3 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga Yaya Ladidi.

Bayan gaisuwa da ladabi da biyayya, na samu takardarki ta hannun Mu'azu mai lori. Ki gaida maigida da yara. Ki kuma yi wa Malam Lawali sannu da aiki, na san ya sha faɗa.

Gaskiya ne, Yaya, suna dawowa. Kin san 'yan tsuntsayen nan masu rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu suna kaɗa wutsiya? Su ne. Ba 'yan ƙasar nan ba ne. Daga ƙasar Turawa suke tasowa in sanyi ya kore su, su ƙetare teku da hamada, su sauka fadamar Bungudu a rame, ƙashin ƙirjinsu kamar bakin wuƙa. Su yi kwana uku ko huɗu suna cin ƙwari, su ƙara gaba kudu. Shi ya sa bara ba a samu ko ɗaya da zai wanke ni ba, kafin Bature ya tashi daga jinya duk sun wuce. Amma wanda ya rayu, fadamar da ya sha ruwa bara ita yake nema bana.

Aikin ba wuya sai dai haƙuri. Ana kafa raga mai siririn zare tsakanin gora biyu a bakin gulbi. Tsuntsu ya faɗa, ka zare shi a hankali, ka sa wuyansa tsakanin yatsu biyu, ka auna fiffike, ka ɗaura masa ɗan zoben farin ƙarfe mai lamba, ka matse da filaya, ka buɗe hannu. Zuciyarsa tana bugawa a tafinka. Wallahi Yaya ba albashin nake kewa ba, wannan nake kewa.

Zobban da aka ce na sace daga lamba ɗari huɗu da ɗaya ne zuwa ɗari shida. Akwai kuma wata alama. Kin tuna yadda Baba yake ɗaure mini hannun hagu da tsumma in muna cin tuwo? Cin abinci na koma dama, amma aiki ya ƙi. Kowa a wurin Bature da dama yake riƙe filaya, zobe ya faɗa ƙafar dama. Ni da hagu nake riƙewa, nawa duk a ƙafar hagu suke. Bature ya yi faɗa har ya gaji, ƙarshe ya yi dariya ya ce ba kome, ko ba littafi zai gane nawa.

Ga inda gizo yake. Zagayen raga na farko, bayan sallar asuba, shugaba ne ke yin sa shi kaɗai, Bature yana shan shayi. Shugaba kuwa yanzu Salisu ne. Duk tsuntsun da ya dawo, hannunsa zai fara faɗawa. Ni kuma an hana ni kusantar wurin.

Maganar Baba, jiki ya ƙi. Ƙafafunsa sun kumbura, sati biyu ke nan bai fita masallaci ba, ɗalibansa sun koma wurin wani malami. Ina nan a shagon abokina a bayan tasha, ina ɗinkin hula. Inna takan fito bayan gida mu yi magana ta kan katanga. Ta ce ta roƙe shi ya yi kaffara ya bar ni in shigo, ya ce mata, "Ni ban ce ɗana ɓarawo na ba. Cewa niy yi in gani." Kin san shi.

Ni igiya a ƙugun Salisu ba ta dame ni ba. Abin da nake so in durƙusa a zauren nan in gaida mahaifina ya amsa, tun yana iya amsawa.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenki,
Hamidu.

*

Gusau, Litinin, 6 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga Wasila, a Bungudu.

Gaisuwa irin ta addinin Musulunci, don ita ba a hana kowa. Ina gaida 'yarki Amina, ita ba ta yi mini kome ba.

Shekara guda ban yi miki magana ba, kuma ba don na huce nake yi yanzu ba. Baba ba shi da lafiya. In an gaya miki, to ban ga alamar ya dame ki ba. In ba a gaya miki ba, na gaya miki. Ɗan'uwanki da ya goye ki kina yarinya yana tsaye bayan katanga kamar kare, yana tambayar lafiyar ubansa ta bakin Inna, ke kuwa kina can kina goge wa maƙaryaci keke.

Ba na ce ki yarda da ni ba. Ido Allah ya ba ki guda biyu, ki buɗe su. Tsuntsayen da Hamidu ya sa wa zobe bara sun fara dawowa, nasa kuma a ƙafar hagu yake sa wa. In mijinki mai gaskiya ne, ba abin da zai canza a gidanki. In ba mai gaskiya ba ne, za ki gani. Ki duba aljihunsa in ya dawo daga raga. Ki duba ko yana cin tuwonsa kamar da. Ke ce kike wanke masa kaya, ba ni ba.

Malam Lawali ya ce in ƙara kalma mai daɗi ko ɗaya ce. Na duba ban samu ba.

Wasalam.
Ladidi.

*

Bungudu, Alhamis, 9 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga Yaya Ladidi.

Gaisuwa da girmamawa. Da hannuna na rubuta, da ajamin da Baba ya koya mini, sai ki ba malamin naki haƙuri wajen karantawa.

Na ji ciwon Baba, na yi kuka, ko da yake kin riga kin yanke cewa ba ni da zuciya. Yaya, me kike so in yi? Mutum ya dafa Alƙur'ani a gabana. Baba da kansa ya yarda, sai ni ce zan ƙaryata uban 'yata? Ke kina Gusau kina zagi, ni ce nake kwana ɗaki ɗaya da maganar nan.

Ba zan laluba aljihun mijina ba. Ba a yi mini wannan tarbiyya ba, ke ma ba a yi miki ba. Tuwo kuwa ya rage ci, amma aiki ne ya yi yawa, tsuntsaye sun sauka fadama ba iyaka.

Ki gaida Yaya Hamidu in kin rubuta masa. Ki ce ina sa shi a addu'a.

Ƙanwarki,
Wasila.

*

Bungudu, Lahadi, 19 ga Oktoba, 1958

Yaya Ladidi,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun. Mu'azu zai ba ki wannan takarda da wani ƙullin tsumma. Kada ki kwance shi a gaban mutane.

Ban laluba aljihunsa ba, Allah ne shaida. Tururuwa ce ta tona. Yau da hantsi ina shara na ga sun yi layi daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin randa. Na ce ko Amina ce ta yar da ƙashi. Na janye randar, na ga ƙasa sabon tono. Na sa tsinke, sai ga gwangwanin tabarsa da ya ce ya ɓata. Na buɗe.

Ƙafafun tsuntsaye ne, Yaya. Sirara kamar tsinken tsintsiya, yatsun a dunƙule, kowace da zobenta. Goma sha ɗaya. Wasu sun bushe, biyu ɗanyu ne. Na jera su a kan faifai ina juya su, ina roƙon Allah in samu ko ɗaya ta dama. Duk na hagu ne. A ƙarƙashinsu akwai laya, na farke ta, sunan Yaya Hamidu ne a ciki sau bakwai.

Sai yanzu na gane abubuwa. Filayar buɗe zobe tana cikin akwatin Bature a kulle, shi ya sa yake yanke ƙafar da wuƙa ya jefa tsuntsun cikin ciyawa. Na kuma gane dalilin zuwansa Magami sau biyu a watan nan. Wurin boka yake zuwa. Na taɓa jin yana gaya wa abokinsa a zaure, "An ce in dai ƙahwar tana ƙasa, mai ita ba shi sake tako Bungudu." Na ɗauka maganar ɓarayin dawa suke yi. Da gulbi ya zuba su da ba wanda ya sani har abada. Sai ya biya kuɗi aka ce ya ajiye su a ɗakina.

Na zauna a ƙasa na yi kuka har Amina ta tsorata. Shekara guda ina kare shi. Na ƙi ɗan'uwana.

Yanzu ga roƙona, don Allah don Annabi. Ki hau jirgi ki kai wa Baba. Ya gani da idonsa, shi da ya san hannun Yaya Hamidu tun yana yaro. Ya sa masa albarka. Daga nan ki ba Mu'azu ya dawo mini da shi in mayar. Sai ya samu sabuwa yake tonawa, kwana biyun nan kuwa iska ta hana kafa raga. Kada ki kai wa Bature, kada ki kai wa alƙali, kada sunana ya fito. Na san abin da ya yi, zan san yadda zan yi da shi a hankali. Amma Amina shekararta uku, ba na so a riƙa nuna ta ana cewa ga 'yar fursuna. Kin ga yadda kalmar nan ta yi wa gidanmu.

Amana ce na ba ki.

Ƙanwarki,
Wasila.

*

Gusau, Litinin, 20 ga Oktoba, 1958

Hamidu, ƙanena,

Gaisuwa da albishir. Ka tashi ka yi alwala ka yi nafila. Shaidunka sun sauko daga sama, su goma sha ɗaya, suna nan cikin gwangwanin taba a ƙarƙashin matashina. La'anannen yanke musu ƙafa yake yi yana binnewa a ɗakin Wasila, ita ta tono ta aiko. Malam Lawali ya sa tabarau ya karanta lambobin. Akwai ɗari huɗu da tara, akwai ɗari biyar da sittin da biyu, ba ko ɗaya da ta fita daga abin da ka faɗa. Duk ƙafar hagu. Ya ajiye alƙalami ya yi ta salati.

Wasila ta ce in kawo wa Baba a ɓoye in mayar mata, wai a rufa wa mijinta asiri. Ka ji fa. Shi da ya tsaya a gaban jama'a ya kira ka ɓarawo, shi za a rufa wa asiri. Wa ya rufa maka naka?

Na tsaya a tasha yau da safe, ga hanyar Tsafe ga hanyar Bungudu, na yi tunani. In na kawo wa Baba gwangwani, mutanen gari za su ce Ladidi ce ta kama tsuntsaye ta yanke. Amma in na zo da takardar Bature mai hatimi, wa zai buɗe baki? Gobe da sassafe zan bi Mu'azu zuwa Bungudu. Kwana ɗaya ne. Laraba ina Gusau, jirgin Alhamis ina Tsafe da gwangwani da takarda duka. Ka gaya wa Inna ta gaya wa Baba.

Ka wanke babbar rigarka.

Yayarka,
Ladidi.

*

Tsafe, Talata, 21 ga Oktoba, 1958

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Alhamdu lillahi. Na yi kuka, rabi don murna, rabi don tsuntsayen. Sun ƙetare hamada sau biyu da zobena a ƙafarsu, suka dawo wurin da na sake su.

Amma Yaya, don girman Allah ki fara zuwa nan. Bungudu ba za ta gudu ba. Baba ba ya buƙatar hatimin kowa. Inna ta gaya masa jiya da la'asar, sai ya ce, "Bahagon nan. Har tsumma na ɗaure mai bai bari ba. In ƙahwar hagu ta, shi na." Ta ce to a kira ni mana. Ya ce, "Rantsuwa niy yi. Alhamis ba nisa."

Kumburin ya hau har ciki. Kunu ma cokali uku yake sha. Ban sani ba ko wannan za ta same ki kafin ki tashi. In ta same ki, ki juyo. In kuwa kin riga kin tafi, kada ki wuce Alhamis. Kuma ki tuna amanar Wasila.

Ƙanenki,
Hamidu.

*

Gusau, Juma'a, 24 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga ƙanena Hamidu, wanda ba ɓarawo ba.

Gaisuwa mai tarin yawa. Yanzu na sauka daga mota, ko gida ban je ba na zauna gaban Malam Lawali. Ya karanta mini takardarka ta Talata. Ka kwantar da hankalinka, Baba ya fi mu ƙarfi duka, ciwon nan ya yi shi shekara uku da suka wuce ya tashi. Na saɓa Alhamis, na sani, amma in ka ji dalili za ka ce da ma na ƙara kwana.

Talata da hantsi na isa fadama. Ga ragoginku a bakin gulbi, ga rumfar ciyawa, ga Mai Zobe a kan kujera da butar shayi. Salisu yana tsaye da tsuntsu a hannu yana kiran lamba da Turanci kamar a can aka haife shi. Da ya gan ni ya yi murmushi. Ban gaida kowa ba. Na ture kofin shayin, na buɗe gwangwanin, na zazzage a kan teburi.

Hamidu, da ka ga fuskarsa. Tsuntsun da ke hannunsa ma bai san lokacin da ya kuɓuce ba. Bature ya ɗauko gilashin ƙara gani yana duba su ɗaya ɗaya, wuyansa yana ƙara ja. Ya ce da Hausarsa ta Turawa, "Wannan hannu na Hamidu." Sannan ya ce, "Wa ya yanka?" Ka lura da kyau, wata ukunka a gidan yari bai sa ya yi ja haka ba, sai ƙafar tsuntsu. Na riƙe wannan a raina, amma ba ranar faɗa da shi ba ce.

Salisu ya ce bai taɓa ganin gwangwanin ba. Ya ce ni na ƙulla. Har ya fara cewa a kawo Alƙur'ani. Nan ne na ce, "Ba sai an wahal da Littahi ba. A kira matarka, ita tat tono shi ƙarƙashin randarku." Na sani, na sani. Amma in ban faɗa ba da ya sake zamewa, kai ma ka san santsinsa.

Laraba da safe Bature ya buga takarda a keken rubutu ya sa hannu da hatimi, cewa kai mai gaskiya ne, kuma aikinka da kekenka suna jiranka. Da na bi motar ranar da na samu jirgin Alhamis. Amma aka ce alƙali zai zauna Alhamis ɗin, kuma alƙalin nan ne dai da ya ɗaure ka. Ka ce in tafi in bar wannan? Na zauna a sahun gaba. Aka kira Wasila ta faɗi abin da ta gani, kanta a ƙasa. Salisu ya sake ta nan take a gaban mutane, wai shi zai rama. Alƙali ya ba shi shekara guda, ya ce na rantsuwa kuma yana can yana jiransa a Lahira.

Yau da safe 'yan doka suka fito da shi za su kawo shi gidan yarin Gusau. Igiya a ƙugu, Hamidu, ba hula, ba kaki. Ta cikin kasuwa aka bi da shi. Na bi su tun daga ƙofar alƙali har tasha, ƙararrawar keken kawai na ciro ina bugawa a bayansa. Mota ɗaya muka hau. Duk inda ya ɗaga ido ni yake gani. Rabona da jin sanyi a ƙirjina irin na yau tun kafin a kama ka.

Wasila tana gidan wata maƙwabciyarta. Na je ta ƙi fitowa, ta aiko a ce mini ta ba ni amana na kai kasuwa. Za ta huce. Na raba ta da maƙaryaci, wata rana za ta gode.

Takardar Bature tana ɗaure a bakin zanena tun Laraba. Mu'azu ya ce in ba shi ya kawo tun ranar, na ƙi, don ni zan sa ta a hannun Baba da kaina, in ga fuskarsa. Gobe zan shiga kasuwa in sayi goro ƙwarya biyu, farare manya, wanda za a raba gida gida a Tsafe, duk bakin da ya kira ka ɓarawo ya tauna. Lahadi ina tafe. Ka tsaya a ƙofar zaure ka jira ni, tare za mu shiga.

Haza wasalam. Yayarka,
Ladidi.

*

Tsafe, Asabar, 25 ga Oktoba, 1958

Yaya Ladidi,

Salamu alaikum. Takardarki ta iso yau da safe.

Ranar Alhamis tun da hantsi Baba ya sa aka ɗauko shi aka kwantar a zaure, fuskarsa wajen hanya. Ya sa Inna ta naɗa masa rawani. Ina tsaye gindin tsamiyar da ke tsallake, yana ganina ina ganinsa. Jirgi ya yi kuka, mutane suka wuce da kayansu har suka ƙare. Ya ce a bar shi, wataƙila mota kika biyo. Sai da aka kira magariba ya yarda aka mayar da shi ciki.

Allah ya yi masa rasuwa jiya Juma'a da hantsi. An yi jana'iza bayan an sauko daga masallaci. Ni na tona kabarin, ba wanda ya hana ni.

Na aika wa Wasila. In ta yarda ta shiga mota ɗaya da ke, ki taho da ita da Amina. Ki ce wa Bature na gode, ya ba wani keken.

Ki taho da goron. Lahadi ce sadakar uku.

Ƙanenki,
Hamidu.